Ranar da teku ya ci min wando

Tunda labarin ya riga ni isowa gida, har a teburin mai shayi na bakin tasha ana ba da shi da ƙari, gara ku ji daga bakina. Da farko dai ba tsirara na fito ba. Wannan ƙarya ce, kuma na san wanda ya ƙaga ta.

Alhaji ne, yayan maman yara, wanda ke harkar canji a Legas, ya bugo ya ce a kai masa yara su ga teku tunda an yi dogon hutu. Na ce su je, ni ba inda za ni cikin Agusta, gero yana neman maimai ga taki ban gama zubawa ba. Ta ce to in zauna in dafa wa kaina. Ranar Laraba sai ga ni a filin jirgin Malam Aminu Kano da babbar riga, ina riƙe da Auta. Tafiyar da mota ke kwana a hanya muka yi ta cikin awa ɗaya da rabi, kuma a cikin awa ɗaya da rabin nan Auta ta samu lokacin yi min amai a aljihu. Muna kan doguwar gadar nan ta Third Mainland, mai kusan kilomita 12 a kan ruwa, Abba ya ce, "Baba, wannan ne tekun?" Na ce shi ne. Direban Alhaji ya ce a'a, wannan ai tafkin Legas ne kawai, teku yana gaba. Da ina da wayo da tun a nan na kama bakina.

Masaukin can yake gaba da Lekki, a bakin ruwa. Ƙofa ba makulli sai kati. Aka ɗaura wa kowannenmu wata roba a wuyan hannu kamar jarirai a asibiti. A kan gado an naɗe tawul an yi agwagwa da shi, Auta ta hana kowa taɓawa, kwana uku tana tura mata biskit a baki. Na tambayi yaron da ya ɗauko mana jaka nawa ake biya kwana ɗaya, ya faɗa, na lissafa na ga ya haura albashina na wata, sai na ji kunyar kwanciya a kan gadon. Kafin in fito daga alwala Abba da Ummi sun gano ƙaramin firjin ɗaki, sun share lemo da cakulan ɗin ciki a zaton kyauta ce. Alhaji ya ce ba komai. Kun san irin ba komai ɗinsa.

Abin da ya fi ɗaure min kai Turawa ne. Mu muna biyan kuɗi a kafa mana rumfa, su sun biya kuɗin jirgi sun zo sun kwanta a tsakiyar rana sun shafe jiki da mai, suna juyawa kamar masa a tanda.

Da daddare wajen cin abinci, inda aka jera kwanuka kusan talatin ka ɗiba da kanka amma Ummi ta kafe sai tuwo, Alhaji ya ja kunnen yara. Ya ce tekun nan ba a wasa da shi, yana da ja, ko ƙato ya samu janye shi yake yi, shi shekararsa ashirin a garin bai taɓa wuce idon sawu ba. A gaban suruki ya kamata in ce haka ne, ranka ya daɗe, in ci gaba da cin shinkafata. Sai na ji bakina yana cewa, "Alhaji, ai ni ɗan bakin kogi ne." Na ba su labarin yadda muke ƙetare kogin Haɗejiya muna yara ba ko gora, da yadda na fito da awaki uku da buhun shinkafa a ambaliyar 2022. Maman yara ta ɗago ta dube ni, don ta san akuya ɗaya ce kuma ita ta bi ni da ƙafarta. Alhaji ya ce, "To, Malam." Bai ƙara komai ba.

Da safe muka fita. Akwai wata jar tuta a kafe a cikin yashi, na ɗauka ado ce. Akwai kuma wani ƙato a kan doguwar kujera da usur a wuya, na ɗauka mai gadi ne. A shagon otal ɗin suna sayar da gajeren wandon wanka, na ga kuɗinsa ya kai na ɗan bunsuru, na ce Allah ya kyauta. Na shiga da singileti da wandon farar shaddata, wanda tun kafin babbar salla ake ce min in sake masa tazuge. Kada wani ya tambaye ni na ciki. Na bar shi a ɗaki don kada ya jiƙe.

Shi kogi ka san inda ya dosa. Gefe guda yake tafiya, ka karkata jiki ka bi shi a hankali har ka fita. Teku zuwa yake ya koma, kuma in zai koma sai ya kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka, ka ji kana nutsewa a tsaye. Igiya ta farko ta zo min iya gwiwa, na ce ashe abin nan suna ne kawai. Na ƙara taku huɗu. Na juyo na ba ruwa baya, na ɗaga wa yara hannu biyu. Na ga Abba yana nuna bayana yana tsalle, na ɗauka murna yake yi.

Ban ga ta biyun ba. Na dai ji kamar katanga ta faɗo min a ƙeya. Ƙafa sama, kai ƙasa, yashi a baki, ruwan gishiri ta hanci ta kunne, na yi kalmar shahada rabi a ciki rabi a waje. Ya mirgina ni ya fi sau uku kamar ana wanke tsaki a ƙwarya, sannan ya ja ni baya ya ajiye. Na yunƙura zan miƙe, ina tari, ina godiya ga Allah, sai na ji wata iska ta taɓa ni a inda iska ba ta saba taɓa ni ba.

Na koma na tsuguna.

Can gaba, tsakanin igiya biyu, ga farar shadda tana lilo, ƙafafu a buɗe, tana tafiya abinta ba ko waiwaye. Abba ya ƙwala da iya ƙarfinsa, "Baba, ga wandonka can!" Yaron da in ka aike shi gidan maƙwabta sai ka sa kunne kafin ka ji sallamarsa, ranar har masu sayar da kwakwa sun juyo. Na jawo singileti ƙasa da hannu biyu. Iya cibiya ta tsaya.

Wanda bai taɓa tsugunawa a bakin teku ba wando ba, ba zai gane wahalar ba. Ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya ya rufa maka asiri. In ya janye sai ya koma iya idon sawu, dole ka bi shi a tsugune kana tsalle kamar kwaɗo. Kana cim masa sai ya juyo ya make ka a fuska ya maido ka inda ka taso. Ka tofar da yashi, ka sake bin sa. Na yi wannan safa da marwa ban san sau nawa ba. Shi kuma mai usur ya sauko daga kujerarsa yana busawa yana nuna jar tutar, yana ihu da Turancin buroka wai in fito. Ina ɗaga masa hannu ɗaya alamar ya yi haƙuri, ɗayan yana riƙe da singileti. Ya ɗauka taurin kai ne, ya ƙara busawa. Duk Baturen da ke kwance ya tashi zaune. Maman yara ta toshe baki da hijabi, kafaɗunta suna rawa, har yau tana rantsuwa wai addu'a take yi. Auta tana kuka. Alhaji yana tsaye da hannu a baya.

Ana haka sai ga mai doki. A bakin ruwan Legas akwai samarin da ke ɗora mutane a doki a ɗauke su hoto, da yawansu 'yan arewa ne. Wannan ya ja linzami ya tsaya, ya ƙura min ido, sannan ya diro.

"Malam! Wallahi Malam ne!"

Yaron nan ne ɗan wajen mai faci. Wanda ya maimaita aji huɗu a hannuna. Wanda na zane sau biyu a gaban asambuli saboda gudu daga makaranta zuwa wanka a kududdufin bayan gari. Duk faɗin Legas, da miliyoyin mutanen da ke cikinta, shi Allah ya aiko min.

Ya cire takalmi, ya matso bakin ruwa, ya durƙusa kamar yadda aka koya masa.

"Barka da hutawa, Malam."

"Yauwa. Kai, matso nan."

"An zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau. Ka ga, ɗan ba ni..."

Igiya ta zo ta tafi da ni. Na dawo. Yana nan a durƙushe yana jira.

"Ya mutanen gida? Ya su Inna? Ya damina, an ce ruwa ya yi gyara?"

"Da godiya. Don Allah samo min..."

"Ya makaranta? Hedimasta yana nan?"

Ni na koya masa gaisuwar nan. Ni da kaina, da bulala a hannu. Sai da ya kai ƙarshenta tas, har da ya gajiya, sannan ya dubi singiletina, ya dubi can inda shaddar ta zama ɗan ɗigo fari, ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, "Malam, ai kai ka hana mu shiga ruwa."

Ya kwance sirdi ya zaro tsumman da ke ƙarƙashi ya miƙo min. Wani tsohon bargo ne ja, jiƙe da gumin doki, ga gashi ga wari. Na ɗaura shi a ƙugu na fito. Daga bakin ruwa zuwa ƙofar otal taku sittin da biyu ne, na ƙirga. Na wuce mai usur, na wuce Turawa, wata tsohuwa a cikinsu har da tafi. Ƙudajen dokin suka bar doki suka biyo ni. Da na zo daidai Alhaji sai ya ɗora waya a kunne yana kallon sama, wayar ko haske ba ta yi. Na ce a raina Allah ya saka masa, mutumin kirki. Sai da na gota shi kaɗan na ji yana ce wa mai usur, "Ƙyale shi, ɗan bakin kogi ne."

Wannan duk na yafe. Suruki ne, kuma shi ya biya kuɗin ɗaki. Wanda ban yafe wa ba yaron nan ne. Bayan la'asar aka bugo daga wajen karɓar baƙi wai ina da baƙo. Na sauko na tarar da shi, ya sake gaishe ni daga farko, sannan ya ce ya zo karɓar bargo. Na ba shi. Bai tafi ba. Yana sosa ƙeya wai dokin ba nasa ba ne, na maigidansa ne, kuma rashin bargon ya sa mutum biyu sun wuce shi, dubu biyar ke nan. Ni! Ni da na saya masa littafin rubutu da kuɗina a aji uku. Ubansa kuma, tunda abin ya zo, har yau rabin buhun takin da ya ara a wurina shekara uku da suka wuce bai dawo ba, kullum muka haɗu a masallaci sai ya tsawaita nafila har in gaji in tafi. Na kai masa keke faci ya karɓi kuɗi cif, bai ce a cire a cikin taki ba, facin ma bai kwana biyu ba. Gida ɗaya ne, hali ɗaya. Na ƙirga dubu uku na ba yaron, ya ce Allah ya ƙara girma.

Daren nan ya tura saƙon murya na minti bakwai a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai. Na saurara, ƙanina ya turo min. A ciki wai da doki ya kutsa cikin teku ya ciro ni ana dab da rasa ni. Wai na rungume shi ina kuka ina neman gafarar dukan da na yi masa. Wai tsirara na taka har otal. Bargon da ya karɓar wa dubu uku ko ambatonsa bai yi ba. Kuma ya ce dubu biyu na ba shi.

Sauran kwana biyun a wurin wankan yara na yi su, ruwa iya gwiwa, ina zaune a gefe da hula ina gadin takalma. Muka dawo na tarar ciyawa ta kusa shanye geron gonar gabas, yaran da na bar wa aikin sun yi kunya shida sun tafi kallon ƙwallo. Rigar shaddar tana nan a rataye ba wando. Tela ya ce farin ba iri ɗaya ba ne da wanda ke wurinsa, sai dai in wani zai shiga Kantin Kwari in ba shi ƙyalle ya gwada min. Yadi biyu ya isa.