Nasiha ga 'yan'uwana matasa da Allah ya ba kujera

Jiya da hantsi na shiga wani ofis a nan Garwa ta Kamaru don a buga min hatimi, sai na tarar da abin da ya ɓata min rai har yanzu. Wani matashi da bai yi wata shida da zama shef (wato shugaban ofis) ba yana zazzaga wa wani dattijo masifa a gaban jama'a, wai ya kai takarda teburin da ba can aka aike shi ba. Dattijon nan ya isa ya haife shi, furfura fal gemunsa. Ya durƙusa yana tsince takardun da aka watsa masa, yana cewa "A yi haƙuri, patron." Wallahi sai da na kawar da kai.

Na san yaron, tare muka taso a unguwa. Na san manyansa na Yawunde suna kiransa ƙarfe goma sha ɗaya na dare suna tambayar lissafi, na san ƙwayar hawan jini na cikin durowarsa, shekarunsa ko arba'in ba su kai ba. Amma haushin kaza ai ba a huce shi a kan dami. An yi maka tsawa daga sama, ka sauke ta kan masinja, shi kuma ya kai wa matarsa gida, ita ta huce kan yara. Haka ake raba ciwo gida-gida.

'Yan'uwa, yawan tsawar nan alamar gajiya ce, kuma gajiyar kisa take yi. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021 ya nuna mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin ɗari. Dokar ƙwadagon Kamaru ta 1992 awa 40 ta yanka wa ma'aikacin ofis. Wa ke bin ta? Shef ya kwana kan WhatsApp, ya wayi gari ido jajir cikin zafin watan Afrilu, sai a ce mai zafin aiki ne. In ya ce kansa ya yi nauyi, a ce ragwanta ce ko sammu aka yi masa. Wasu ma har tramol suke haɗawa da shayi don su iya tsayuwa, abin da muke zagin 'yan kabu-kabu a kansa. Kada ma a zo maganar 'yan kai gulma da ke zuga shi, ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Ku rage, ku huta, ku nemi wanda za ku faɗa wa damuwarku. Amma dai a bar wulaƙanta mutane a bainar jama'a.

Da can, madugun da ke jawo ayari daga Kano zuwa Adamawa uban tafiya ake ce masa. Sai kowa ya sauke kaya ya ci, sannan ya sa hannu a ƙwarya. In yaro ya yi laifi, gefe ake jan shi bayan isha'i. Iyayenmu suna cewa babba juji ne, kowa ya kwaso sai ya zuba masa, kuma ba ka taɓa jin muryarsa a tsakar kasuwa. Ina irinsu yau?

Da na fito, na iske dattijon a gindin dalbejiya yana alwala. Na gaishe shi, ya amsa da fara'a, har yana tambayata ko an samu buga min hatimin.