Wa ke karanta maka takardarka?

Samarin Maradi da ƴan matanta, ƙannena da abokaina, assalamu alaikum.

Akwai wata ɗabi'a da ta kama mu, kuma tana damuna ƙwarai. Yaro zai shekara goma ko fiye yana zuwa lakkol, ya yi ta haddar darasi dare da rana saboda jarabawar BEPC ko BAC, amma ranar da sakamako ya fito shi da littafi sun yi hannun riga. Kayensa ya koma wajen mai ƙosai ana naɗe wa mutane kalaci. Daga nan duk abin da zai sani a duniya sai dai ya ji shi da kunne: saƙon murya a WhatsApp, guntun bidiyo a TikTok, ko abin da wani ya faɗa a fada ana jiran shayi na biyu.

Wanda ba ya karatu da kansa, wani ne ke karanta masa, kuma abin da mai karantawar ya ga dama shi zai faɗa. Ku dubi takardar sayen fili ko jinginar gona. Sau nawa ake miƙa wa mutum ita ya sa hannu bai bi layukan ba, alhali ya yi lakkol, sai bayan shekaru rigima ta tashi tsakanin dangi? Ku dubi ƙwayar nan da ake jefa wa buhun wake don kashe ƙwari. Iska mai guba take fitarwa, kuma a jikin gwangwaninta an rubuta kada a aje ta inda mutane ke kwana. Amma sai ka shiga gida ka tarar da buhunan jingine a ɗakin da yara ke barci, ga ɗalibin lise a gidan, bai taɓa juya gwangwanin ya duba ba. Haka maganin feshi, haka takardar da ke cikin kwalin maganin asibiti. Har addini bai tsira ba: a yanko minti guda daga karatun malami na sa'a biyu, a watsa, samari su kwana suna gardama a kai, babu wanda ya buɗe littafin da malamin ke karantarwa. Gani ya kori ji, amma mu mun yarda da ji.

Abin da ke ƙara mini zafi shi ne ba mu gaji haka ba. Waɗanda suka kafa Maradi a farkon ƙarni na 19 daga Katsina suka fito, garin Gobarau, garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. Wani malamin ƙasar Katsina, Muhammadu al-Katsinawi, ya rubuta littafin hisabi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Kuma har gobe, in ka sammaka bayan asuba ka leƙa wasu zaurukan cikin gari ko na Tibiri, za ka ga dattijo ya zaro littafi daga gafaka, takardun sun yi ja don tsufa, gefensu cike da ƙananan bayanai na ajami da shi ko mahaifinsa ya rubuta. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara, a tsaya kan kalma guda har sai ta zauna. Ɗaliban nan wasunsu ƴan kasuwa ne masu furfura, babu jarabawar da ke jiransu, babu takardar shaida. Suna tashi su tafi su buɗe shago. Su ne nake so mu yi koyi da su, ko wane irin littafi ne a hannunmu.

Na san abin da za ku ce: littafi da tsada, ɗakunan karatu ba su da yawa, ga neman abin kai wa baki. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma fadar da ke haɗa kuɗin shayi da sukari da gawayi kullum, kowa kuma na sayen forfe, ba za ta kasa haɗa kuɗin littafi guda a wata ba. Littattafan Hausa na Kano da Zariya suna shigowa kasuwanninmu, na addini ma haka, kuma wayar da ke hannunka tana iya ɗaukar littattafai masu yawa in ka nema. Ku ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, nauyinku ya fi na kowa, don ƙannenku na kallon ko kuna karanta wani abu bayan takardun da malami ya raba.

Ƴan uwana mata, wadda aure ya fitar daga aji kada ta ɗauka karatu ya ƙare mata. Nana Asma'u tana gidan miji ta yi rubuce-rubucenta, ta kuma tura jajis, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata. Uwar da ke karatu ita ke duba awon maganin ɗanta da idonta.

A 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, mun yi murna. To amma marubuci ba zai buga littafin da ba mai saye ba, kuma da yawa cikinmu da muka yi lakkol da Faransanci har yanzu muna tuntuɓe in an ba mu shafi guda na Hausa. Kwana kaɗan na karatu a bayyane ke gyara wannan. Ku zaɓi dare guda a mako a fadarku, a kife wayoyi, mutum guda ya karanta shafi biyar da ƙarfi, waɗanda ba su yi lakkol ba su saurara su yi tambaya, mako mai zuwa littafin ya koma hannun wani.