Ku ƙyale yaron nan da sarƙoƙinsa haka nan mana

Wallahi munafuncin mutanenmu har tsoro yake ba ni. Tun shekaranjiya ake yawo da hoton yaron nan mai haɗa sarƙa daga wannan gurup zuwa wancan, kowa ya zama malami kowa ya zama ɗan sanda, har wani mai ƙwazo ya ƙona datarsa ya binciko mana cewa ai duwatsun da ke wuyansa, ruwan ɗorawa da fari da shunayya da baƙi, kalar tutar masu cewa su ba maza ba ne kuma ba mata ba ne, wadda aka ƙirƙira a 2014. Sannu da aiki mai bincike, Allah ya ba da lada. Ramin da ke ƙofar gidanku ya shekara yana cin tayar mutane ba ka taɓa ɗaukar hotonsa ba, amma duwatsu huɗu a wuyan ɗan mutane sun hana ka barci.

To a ce ma haka ne. A ce da gangan ya jera kalolin, a ce abin da ke ransa wanda bakinsa ba zai iya faɗa ba a garin nan shi ya zuba a zare ya rataya. Wa ya cuta? Ni dai tambayata kenan kuma har yanzu babu wanda ya ba ni amsa sai zagi.

Yaron nan sana'a yake yi fa. Ku je ku kalli bidiyoyinsa in bai goge ba, wayar tagulla yake sayowa a kasuwar Panteka ta nan Kaduna, irin wadda ake warwarowa daga tsohuwar fanka, ya zauna a tabarma da filaya ɗaya yana murɗa ta a jikin ƙusa har ta zama ɗan kunne, ya goge da lemun tsami da toka sai ka rantse daga kanti ta fito, ya haɗa da wuri da guntun fata da duwatsun Bida. Duk yatsunsa sun yi kanta. Bai tare kowa da wuƙa ya ƙwace waya ba, bai tsaya a kwamen ɗin manya yana ajiye lambar akawun ba. A zamanin da samari ke kwana a majalisa suna jiran wani ya saya musu shayi, wanda ya nemi na kansa da hannunsa shi ne abin farauta?

Kuma don Allah a daina yi mana kamar yau aka fara ganin irinsu. 'Yan daudu sun girmi intanet, sun girmi Facebook, sun girmi kakan wanda ya yi fostin ɗin. Wa ke soya kazar da kuke layi a kanta da daddare? Wa ke tuƙa tuwon biki in taro ya fi ƙarfin matan gida? Hajiyoyin da suka fi kowa rubuta a'uzubillahi a ƙarƙashin hoton, da yawansu in aurar da 'ya ya taso su suke kira, a yi shewa a tafa a ci abinci a yaba hannu. Wato in yana bayan murhu hayaƙi na cin idonsa babu laifi, amma ranar da ya ƙera abu mai kyau ya saka a wuyansa ya ce ga ni, ranar ce duniya za ta tashi. Munafunci ne, ba shi da wani suna.

Masu cewa ado a jikin namiji baƙon abu ne Turawa suka kawo, ku dai ba ku yawo. Nan jihar tamu, a ƙauyen Nok da ke ƙaramar hukumar Jaba, a 1928 masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu, irinsu sun haura shekara 2,000, ku duba hotunansu ku ga tulin duwatsu a wuya da hannu. Ku kalli samarin Wodaabe a Nijar lokacin Gerewol, kwalli da jan ƙasa a fuska da tsakiya har ƙirji, mata na zaɓa. Maƙeran Buzaye na Agadas kuwa azurfarsu maza da mata ke sawa. Na san za a ce ai wannan daban wancan daban. To na ji, daban ne. Har yanzu ba ku gaya min wa ya cuta ba.

Hadisin hana maza kwaikwayon mata da kuke ta liƙo min a inbos na san shi, tun a islamiyya aka karantar da mu, ban kuma ce a goge shi ba. Amma a islamiyyar nan dai aka karantar da mu aya ta 12 a Suratul Hujurat, wadda ta hana zato da bin diddigin mutane da cin naman ɗan uwa, ita wannan ina kuka ajiye ta? In nasiha ce ai a keɓe ake yi, a kira yaro a zaunar da shi. Wanda ya rubuta sunan layinsu da kwatancen shagon mahaifiyarsa a kwamen ba nasiha yake ba, so yake a je. Dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ma da kuke ta ambato, shekara 14 ɗin nan a kan aure take magana, ku nuna min inda ta ce sarƙa.

Abin da ya fi damuna, mu 'yan Kaduna ne fa. Mu za a koya wa yadda magana ke zama gawa? A 2002 rubutu ɗaya a jarida kan gasar sarauniyar kyau ya ci rai sama da 200 a garin nan, har yau akwai unguwannin da ba su koma yadda suke ba, akwai waɗanda suka ƙetare gada ba su sake dawowa ba. In wani abu ya sami yaron nan gobe, duk wanda ya danna shiya da hannunsa a ciki, kuma uwarsa da ke zaune tana kuka ba ta san ma mene ne wata tuta ba, ita dai ta san ɗanta ne ke sayo mata maganin hawan jini.

Ni abin ma da ya kamata mu yi hayaniya a kai, ina maƙeran farfaru na garin nan suka shiga? Da in zoben azurfa ya karye akwai tsohon da za ka kai wa ya liƙe maka kana tsaye, yanzu ka zaga Kasuwar Barci ka gangara Santara duk sarƙar China ce a leda, ka saya da tsada ruwa ya taɓa ta sau ɗaya wuyanka ya koma kore, kayan lefe ma haka ake cika akwati da su. Don Allah wanda ya san inda ake gyaran awarwaron azurfa a Tudun Wada ko Unguwar Sanusi ya yi min magana, na kakata ne ya tsage tun kafin azumi.