Likitan da Bai Taɓa Shaƙar Ƙurar Masana'anta Ba

Tun bayan korona kamfanoni suka gano sabuwar hanyar tsimi: a rufe ɗakin shan magani na cikin ma'aikata, a ba wani asibitin kuɗi kwangila, ko ma a ce ma'aikaci ya ga likita ta bidiyo a waya. Wai ci gaba ke nan. Ci gaban mai haƙan rijiya dai.

Ɗauki mai yankan dutse da ya je da tari. Likita zai saurari ƙirjinsa, ya rubuta magani, ya buga hatimin cewa zai iya komawa aiki. Bai ga farar ƙurar da ke kwanciya a girar mutumin nan kullum ba, bai san injin zuƙe ƙura ya lalace tun bara ba. Ƙurar silika kuwa, wato wannan ƙura ta dutse, a hankali take sandarar da huhu, kuma in ta yi ɓarna ba gyara. Ita ce ta sa Ostireliya ta haramta dutsen haɗi na kantar kicin daga Yulin 2024. Haka ma ƙarar inji: desibel 85 a ma'aunin ƙarfin ƙara na tsawon awa takwas kullum ya isa ya fara cin kunne, amma wa zai auna ta daga ofis?

An ce ƙananan kamfanoni ba su da ƙarfin ɗaukar likita. Wa ya ce su ɗauka? Yarjejeniya ta 161 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1985, ta yarda kamfanoni su yi tarayya a kan masu duba lafiya. Sai dai aikin farko da ta ɗora musu shi ne gano haɗarin da ke wurin aiki. Ta kuma hana mai kamfani ya sa su binciken dalilin rashin zuwan ma'aikaci aiki, abin da wasu asibitocin kwangila suka mayar sana'a, kamar 'yan leƙen asirin manaja.

Ƙididdigar wannan ƙungiya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna mutum miliyan 1.9 suka mutu a 2016 sanadin aiki. Akasarinsu cututtuka ne suka kashe su sannu a hankali, irin waɗanda ake tarewa tun daga wurin aiki.

A bar asibitin a waje in an ga dama. Amma a rubuta a kwangila cewa dole likitan ya riƙa sa hular kwano yana zagaya masana'anta, kuma wakilan ma'aikata su ga rahotonsa kafin ya shige aljihun teburin manaja.