Zumunta a ƙafa take, har da zumunta da Allah

'Yan'uwa cikin Almasihu, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

A Yohanna 15:15 Yesu ya ce wa almajiransa ba zai ƙara kiransu bayi ba, abokai ne, domin ya sanar da su duk abin da ya ji daga wurin Uba. Bawa umarni kawai yake karɓa, aboki kuwa ana buɗe masa ciki. Abin da ke damunmu shi ne, da yawa a cikinmu mun mai da Allah kamar mai shagon unguwa: sai gishiri ya ƙare, ko zazzaɓi ya kama yaro, sannan a tuna da ƙofarsa. Wanda ba ka ziyarta sai da buƙata, ba amininka ba ne tukuna.

Fara da tsayar da lokaci ɗaya, wuri ɗaya. Markus 1:35 ya nuna Yesu yana tashi da asuba tun da sauran duhu, ya fita wurin da ba kowa, ya yi addu'a. A Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, wannan ya fi dacewa da mu, musamman cikin zafin Maris da Afrilu, domin da hantsi ya dubi ludayi jiki ya mutu, da dare kuma gajiya ce ke addu'ar, ba kai ba. Minti 20 sun isa mafari: 3 na godiya, kana ambaton abubuwan da sunansu, 10 na karatu, 5 na roƙo, 2 na shiru. Waɗannan minti biyun na shiru su ake yawan yarwa, alhali hirar da mutum ɗaya ke ta zuba ba hira ba ce.

Kada ka ce sai ka sauke Littafi Mai Tsarki daga Farawa. Masu fara haka sukan maƙale a Littafin Firistoci, su daina. Ɗauki Markus, sura ɗaya kullum, kwana 16 ka gama. Bi da Yohanna, sura 21, mako uku ke nan. Karanta da harshen da yake shiga zuciyarka, Hausa ne, Fulatanci ne ko Faransanci. In ba ka iya karatu ba, yaron gida ya karanta maka. In a waya kake karantawa, kashe intanet tukuna, don saƙon WhatsApp ɗaya kan cinye minti ashirin ɗin gaba ɗaya.

Ajiye ƙaramin littafin rubutu. Kullum rubuta kwanan wata, ayar da ta taɓa ka, da abu ɗaya tak da za ka aikata kafin rana ta faɗi: biyan bashi, gyara mudu, gaida maƙwabcin da kuke gaba. Yohanna 15:14 ya ɗaura abotar a kan yin abin da ya umarta.

Kuma ka daina yi wa Allah kwalliyar baki. A Zabura 13 Dauda ya tambaye shi "har yaushe" sau huɗu. In ranka a ɓace yake, faɗa masa haka.

Wata rana za ka zauna ka ji wayam, kamar addu'ar ba ta wuce rufin ɗaki. Fara bincika abu biyu: zunubin da kake ɓoyewa, wanda maganinsa furtawa ce (1 Yohanna 1:9), da ɗan'uwan da ke da ƙara a kanka, wanda Matiyu 5:23-24 ya ce ka je ku shirya kafin ka miƙa baiko. In ka duba babu ko ɗaya, to dubi masakwa, wato dawar rani. Ana dasa ta wajen Oktoba bayan ruwa ya ɗauke, a zuba mata ɗan ruwa a rami, shi ke nan. Ba ta ƙara ganin damina, amma saiwarta na bin laimar da ƙasar laka ta riƙe, har a girbe ta wajen Fabrairu. Kalmar da ka tara a kwanakin daɗi ita za ka sha a irin wannan rani, don haka kada ka bar wurin zamanka don ba ka ji komai ba.

In ka tsallake kwana uku, kada ka ce sai ka rama sura uku a zama ɗaya. Ci gaba daga inda ka tsaya. Uwa mai goyo ta raba nata biyu, goma da asuba, goma lokacin da jariri ya yi barci. Sannan ka sami mutum ɗaya a ikilisiya, namiji da namiji, mace da mace, wanda duk Lahadi bayan sujada zai tambaye ka sura ta nawa kake, da abin da ka aikata a kanta.