Malam, a buɗe ƙamus kafin a ɗauki jan biro

Har yanzu raina a ɓace yake kan takardar 'yata da na nuna muku jiya. Yarinya ta rubuta "wended" a insha'inta, malamin Turanci ya zagaye kalmar da jan biro, ya zabtare mata maki biyu, ya rubuta a gefe wai babu wannan kalma a Turanci. Ta shigo gida ido ya yi jawur, ko abinci ta ƙi ci.

Akwai ta, Malam. Wallahi akwai ta.

"Wend" tsohon aikatau ne. A tsohon Turanci "wendan" ake cewa, ma'anarsa juyawa ko kama hanya. Jamusawa har gobe suna cewa "wenden" in za su ce juya. Tushensa ɗaya da "wander", da kuma "wind" mai nufin naɗewa. Chaucer, shahararren marubucin waƙoƙi na Ingila wanda ya rasu a 1400, da wannan kalma ya faɗi tafiyar masu ziyara zuwa birnin Kantabari.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne "went" ɗin da Malam ke sa yara haddacewa kullum safiya. Ai na "wend" ne! Yadda "send" ke komawa "sent", "bend" ya koma "bent", haka "wend" yake komawa "went". Shi "go" da can nasa na shuɗaɗɗen lokaci "eode" ne, daga baya ya zama "yede". Wajen shekarar 1500 aka watsar da shi, "go" ya ari na maƙwabci bai mayar ba. Mai kayan sai ya koma amfani da "wended". Wato kullum gadon kalmar na bakin Malam, amma ya ce bai san mai ita ba.

Masu ce mini ai ba a cika jin ta ba, na ji. Rashin jin kalma daban, rashin ta daban. Masu cewa malamai na fama da ƙarancin albashi, gaskiya ne, ina kuma tausaya musu. Amma ƙamus na cikin waya, minti ɗaya ya isa. Yarinyar da ta karanta littafi ta tsinto kalma da kanta, yabo ya kamace ta.

Da daddare na tambaye ta ma'anar sussuka da shiƙa da bakace. Ɗaya kawai ta sani. Hutun nan ƙauye zan kai ta wajen Inna, ta ɗauki faifai da hannunta.