Goma bisa goma, kuma bai san jaki ya ɓata ba

Jiya na saka hoton littafin aikin Turanci na ɗan yayana, inda malamarsu ta ba shi goma bisa goma a kan amsoshin da ya kwafo, na ce wannan ba karatu ba ne. To, masu kare malamar nan tun jiya, na ji ku. Wai na ci zarafin makaranta, wai yaro ya ci goma bisa goma, me kuma nake nema. Karatu nake nema, jama'a. Abin da ke cikin hoton littafin nan da na saka muku kwafa ce, kuma wadda ta sa jan biro ta ba shi maki ta san kwafa ce.

Darasin auna fahimta ne na Turanci, aji biyu na ƙaramar sakandare. Ɗan labari ne da bai cika shafi ba: manomi ya je kasuwa, jakinsa ya ɓata. Tambaya ta ce me ya sa manomin baƙin ciki. Ina zaune ina kallo, ɗan yayana ya ɗora yatsa a kan tambayar, ya tsinci kalma ɗaya, ya bi layi-layi yana farautarta a cikin labarin. Inda ya gan ta, sai ya kwashe jimlar ɗungurungum, daga babban baƙi har aya, ya zuba a matsayin amsa. Na rufe littafin na ce masa da Hausa, to ba ni labari, me ya sami manomin? Ya yi ta sosa ƙeya, can ya ce, "Baffa, wane manomi?"

Wane manomi! Goma bisa goma ke nan.

Kada wani ya ce mini yaron daƙiƙi ne. Yaron da yake kawo maka labarin wasan ƙwallo tun daga busa har tashi, da sunan wanda ya ba da fasin, ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Dabarar farautar kalma koya musu ita aka yi, an kuma nuna musu tana kawo maki, to don me zai wahalar da kansa?

Ku juya bayan littafin ku ga abin da ake kira koyon kalmomi. Jerin manyan kalmomi ne, kowace da ma'anarta an kwafo daga ƙamus, ma'anar ma da Turancin da ya fi kalmar tsauri. A haddace kafin Juma'a, a yi gwaji, ranar Litinin babu ko ɗaya a kai. Kalma ba ta zama haka. Sai yaro ya ci karo da ita a cikin labari, ya sake cin karo da ita a wani, ya ga wa ya faɗe ta, cikin fushi ko cikin wasa, sannan ta zama tasa. Masana koyar da harshe sun daɗe da auna wannan: sai mai karatu ya san wajen kashi 95 zuwa 98 cikin ɗari na kalmomin shafi kafin ya iya fahimtarsa shi kaɗai. Mu kuwa yaron da labarin jaki ya gagara, nan da shekara biyu, idan ya faɗa ajin adabi, littafin Shakespeare mai tsohon Turancin nan mai tsauri za mu miƙa masa. Allah Ya ba da sa'a.

Shi adabin ma ai ba a karanta shi. Ana sa sunan littafi a jerin abin da iyaye za su saya, a saya, ya ƙare zango a cikin jaka ko shafinsa ba a lanƙwasa ba. Malami ya tsaya gaban allo ya yi shifta: ga taurari, ga jigo, ga darasin da ke ciki. Yara su haddace. Sai ka ga ɗalibi ya jero maka jigo huɗu na littafin da bai taɓa sanin yadda babinsa na farko ya fara ba. Karatun aku ke nan, kuma kuɗi muke biya duk zango a yi mana shi.

Na ga masu cewa ai Hausa ce ta ɓata su, a gida Hausa, a layi Hausa. An bar jaki ana dukan taiki. A makarantar da yaron nan yake, tara ake cin duk wanda aka kama ya yi Hausa, to ina Turancin? Irin wannan tunani ne ya kai mu ga abin da ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar a watan Nuwamban 2025, cewa an soke tsarin 2022 na koyar da 'yan firamare da harshen uwa, an koma Turanci zalla, wai saboda faɗuwa jarrabawa. Don Allah a yi lissafi. Wanda ya zauna WAEC a 2025 tun wajen 2019 ya bar firamare, shekara uku kafin a kafa tsarin. Ta ina tsarin ya kayar da shi? Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya gwada abin nan a Ife, aka koyar da yara shekara 6 da Yarbanci, Turanci yana darasi guda a hannun malaman da suka iya shi, kuma yaran ba su zama koma-baya a Turanci ba. Amma wa ke da lokacin tuna wannan.

Wani bawan Allah kuma ya ce mini, "Malam, hadda ai gadonmu ce." Ka bar Alƙur'ani a gefe, wannan lafazinsa ake kiyayewa, matsayinsa daban. Je ka zaure ka ga yadda ake karatun littafi. Ɗalibi ya buɗe Ahalari ko Ishmawi, ya ja Larabci gaɓa-gaɓa, malam yana fassara masa da Hausa, gobe ya dawo ya maimaita, in bai gane ba ba a ƙara masa. Da Hausa aka koyi Larabcin da malamanmu suka rubuta littattafai da shi. Sai Turanci ne zai lalace don malama ta ce wa yaro, faɗa mini da Hausa me ka gane?

Masu maganar aji ya cika, albashi bai zuwa, gaskiyarku, ban musa ba. Amma wannan makarantar kuɗi ce, ajin bai kai talatin ba. A wuce wurin.

Masu cewa yaran yanzu ba sa son karatu kuwa, ku duba wayar ƙannenku mata. Littafin Hausa mai babi saba'in ake bi a WhatsApp har tsakar dare, ana biyan kuɗi a shiga guruf, ana faɗa a kan wadda jarumin ya kamata ya aura. Wannan ita ce fahimta, babu mai ba su maki. Kafin waya ma shagunan hayar littattafai ne a lungunan Kano. Mutanenmu suna son labari. Turancin ne ba a taɓa ba su shi a matsayin labari ba, kullum a matsayin hukunci yake zuwa.

Sai watan Agusta ya zo mu yi ta salati. A 2025 WAEC ta fara cewa kashi 38 ne suka sami kiredit biyar da Turanci da Lissafi, bayan 'yan kwanaki ta ce an yi kuskure wajen makin takardar Turanci, adadin ya koma kusan kashi 63. Muka yi murna, muka koma barci. Ba wanda ya tambaya cikin waɗanda suka ci ɗin nawa ne za su karanta takardar magani su gane. Kuma ku sani, dabarar nan ta kwashe jimla tana da ranar ƙarewa: a sashen taƙaitawa na WAEC, wanda ya kwafo jimla yadda take ba ya samun komai, a auna fahimta kuma za a ba ka kalma a ce kawo wata da za ta zauna a gurbinta yadda aka yi amfani da ita a labarin. Ranar nan ƙamus ɗin da aka haddace ba ya ceto. Daga nan ne ake fara neman cibiyar da ake "taimako".

Wallahi ba don in tozarta malamar na yi maganar nan ba. Ina kyautata zaton ita ma haka aka koya mata. Abin da ke ci mini rai shi ne yaron nan ya fara yarda cewa karatu wani abu ne da ake wucewa ta gefensa. Abin da nake roƙo ba shi da tsada. A ba yaro ɗan littafin labari daidai ƙarfinsa, ko na 'yan firamare ne, ba abin kunya ba ne. A karanta masa a bayyane, shi ma ya karanta. A rufe, ya ba da labarin da Hausa, sannan ya gwada da Turancinsa mai karaya. Kalmar da ta tsaya masa a wuya, ita ce kalmar da zai koya ranar. Minti ashirin bayan sallar isha'i ya isa. Iyayen da ba su yi boko ba ma suna iya cewa, ba ni labarin abin da ka karanta.

Af, tunda ana maganar littafi, wane ne ya ƙirƙiro wannan mugun salo na buga littafin da ake rubuta amsa a cikinsa? Mu littafi ɗaya muka gada daga yayyenmu, da sunaye uku a bango, an naɗe shi da takardar siminti. Yanzu Yaya yana da yara huɗu a makaranta ɗaya, kowace shekara sabon saye, don na bara an cike shi da biro, ko kuma an ce an canza bugu alhali hoton bango kawai aka sauya. Na ga jihar Imo ta hana wannan canje-canjen a 2025, har da bikin yaye 'yan nazire. Ku kuma masu ɗinka wa ɗan shekara biyar rigar digiri da hula mai tuta, har da anko na iyaye mata, zan zo kanku wani satin.